Faifan Kaka da Harafi na Huɗu

Tun ranar da na dawo wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce in ba ta labarin dogayen benaye, waccan tana tambayar tsarabarta, 'yan ajinmu kuwa kowa da "Sa'a, ya Doha?" Na gaji da ba da amsa ɗaiɗai. Kuma na lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin mutane, don jiya a islamiyya aka faɗa mini wai na ƙona kwamfutar wata jami'a har an kai ni gaban alƙali. To ga shi a rubuce sau ɗaya, kowa ta karanta ta bar ni in sha iska. Ban ƙona komai ba. Harafi ɗaya na danna, kuma har gobe ina kan bakana cewa daidai na ƙirga.

Waɗanda suka taɓa zuwa gidanmu a Samaru sun san Kaka, mahaifin Babanmu, wanda yake kirana uwargida ni kuma ina kiransa Tsoho. Abin da ba ku sani ba shi ne da ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana yawo ƙauye-ƙauye a kan babur, yana tattara bayanin irin gero da dawa da maiwa: sunan da manoma ke kiran kowanne, kwana nawa yake yi ya nuna, wanne ke jure fari, wanne tsuntsu ba ya so. Duk ya zuba su a kwamfutar wurin aikinsu ta wancan zamani, wadda ya ce ta kai firji uku a jere. Da ta mutu aka yar da ita, sai ya ɗauko faifanta ya kawo gida. Littattafan da ya rubuta da hannu kuwa gara ta cinye su tun kafin a haifi ƙanena. Faifan nan kaɗai ya rage, naɗe cikin bargo a saman wardirof, fiye da shekara arba'in, babu injin da zai karanta shi.

Sai ga Yaya Mukhtar, babban wanmu da ke karatun digiri na uku a Doha, ya kira ya ce sashensu ya farfaɗo da irin wannan kwamfutar don baje kolin kayan tarihi. Amma a ƙarshen wata za a kashe ta a sa ta cikin gilashi, shi ke nan. Matarsa Anti Hauwa za ta koma can da jaririyarsu, hannunta a cike. Aka ce in raka ta in yi hutuna a can.

Na yi kwana uku ina taƙama, na ɗauka an zaɓe ni ne saboda na yi ta biyu a aji. Ashe ɗan dakon da zai kai faifan can a karanta shi ake nema.

Kada kalmar faifai ta ruɗe ku. Abin ya yi kama da babbar kular tuwo ta gidan biki, da murfin roba mai mariƙi a sama, nauyinsa kuwa kamar an dafa duwatsu a ciki. Kaka ya zaunar da ni ya karanto dokoki: kada ya kwanta ta gefe, kada ya sha rana, kada ya kusanci maganaɗisu, kada a sa shi cikin kayan da ake jefawa ƙarƙashin jirgi.

"Uwargida, ko jirgin zai faɗi, ki ɗaga shi sama."

"Ni kuma fa, Tsoho?"

"Ke ai tun kina rarrafe kike faɗuwa, ban ga abin da ya ragu ba."

Daga Zariya zuwa Kano a cinyata ya zauna. Duk ramin da Baba ya shiga sai ya waiwayo ya ce, "Lafiya dai?" Na amsa sau biyu kafin in gane ba ni yake tambaya ba. A filin jirgi aka auna jakar hannuna aka ce ta yi nauyi, ko faifai ko sauran kaya. Haka na tsuguna a gaban jama'a na ciro takalmana biyu, har da sabon nan mai duwatsu, na miƙa wa Baba. Wajen bincike kuma wani jami'i ya juya shi ya ce mene ne wannan.

"Faifai ne," in ji ni.

"Faifai? Ina ƙwaryar da zai rufe?"

Na nuna masa takardar makarantar Yaya, ya karanta ya ƙi gamsuwa, ya kira wani dattijo abokin aikinsa. Shi wannan da ya gani sai ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce rabonsa da irinsa tun yana masinja a wani banki. Ya ce in riƙe shi da kyau. Mutum na huɗu ke nan da ya yi wa faifai addu'a a ranar, ni ko ɗaya.

A jirgi na tura shi ƙarƙashin kujerar gabana, don haka ƙafafuna ba su da wurin zuwa. Awa da awanni ina naɗe kamar kazar da za a kai kasuwa. Aka kawo abinci a 'yan kwanoni kamar na wasan yara, da wani burodi da za a iya jifan mangwaro da shi. Anti Hauwa ta ba ni riƙon jaririya don ta ci nata. Faifai a ƙafa, goyo a hannu, cokalin roba a baki. Wanda ya ce mini tafiya hutu ce ya zo mu zauna.

Filin jirgin Doha ya fi Samaru girma, wannan ba ƙari ba ne, ko kuma ƙarin kaɗan ne. Jami'in shiga ƙasa da yatsa ya nuna mini in kalli wata kyamara, ya buga hatimi, ya ce "yalla". A can kalmar nan ita ce "zo", ita ce "tafi", ita ce "yi sauri", ita ce "na gaji da ganinki". Wata ma'aikaciya ta tsayar da ni saboda faifan, ta ɗaga shi da ƙyar ta tambaye ni da Turanci ko sidi ne, irin na waƙa. Na ce kakan kakan sidi ne. Ba ta yi dariya ba, amma ta bar ni na wuce.

Da muka fito waje sai na ji kamar an buɗe mini murhun gidan burodi a fuska. Gilashin idon Anti Hauwa ya yi fari fat da tururi. Yaya Mukhtar ya taho da sauri hannu a buɗe, ni ma na buɗe nawa, shekara biyu ban ga ɗan'uwana ba. Ya karɓe faifai ya rungume.

"Bai bugu ba ko?"

"Lafiyata ƙalau, Yaya, na gode da tambaya."

Suna zaune a Al Rayyan, a wani gida mai hawa uku, ɗaki biyu da falo. Babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ari ludayi. Na yi sati biyu ban san fuskar mutanen ƙofar da ke kallon tamu ba, takalmansu kawai na sani. Ranar farko na shiga wanka na buɗe famfo mai alamar shuɗi, na sanyi, ruwa ya zubo kamar za a fige kaza. Na yi tsalle na bugi ƙofa. Anti Hauwa tana dariya ta ce ai da zafi tankin da ke kan rufi tafasa yake yi, don haka ana kashe hita, ruwan da ke cikinta ya huce, sai a buɗe ja in ana son sanyi. Ƙasar da ja ne sanyi, shuɗi ne zafi, kuma Lahadi ranar aiki ce. Ya kamata tun a nan in gane ba za mu shirya da lissafin mutanen nan ba.

Abinci kuwa shinkafa ce da safe, shinkafa da rana. Akwai wata da suke dafawa da nama da busasshen lemon tsami, tana da daɗi kwana uku na farko. Abin da ya burge ni shi ne shayinsu mai kauri da suke kira karak. Mutum ba ya ma fita daga mota, hon zai danna a ƙofar shago a kawo masa. Na ce wa Yaya a yi wa Malam Ado mai shayin bakin layinmu hon a gani.

Ranar Juma'a wani direba mutumin Funtuwa, Malam Sani, ya kai mu Najma, unguwar da ma'aikata ke cunkushe, inda akwai wani ɗan shagon abinci da 'yan gida ke haɗuwa bayan masallaci. Tuwon semo ne da miyar kuɓewa busasshiya, na ci kamar an sako ni daga kurkuku. Mutanen wurin masu gadi ne da direbobi, da suka ji daga gida na zo babu wanda ya tambaye ni siyasa. "An yi ruwa kuwa?" "Gero ya fara fitar da kai?" Ni da ban san bambancin gero da maiwa ba sai a cikin kunu, na dinga cewa alhamdulillahi. Dogayen benayen West Bay da kuke ta tambaya, a hanyar dawowa na gan su, ta tagar mota, minti huɗu. Suna da tsawo. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Sauran kwanakin duk a ƙarƙashin ƙasa na yi su, a ɗakin da kwamfutar take. Sanyin wurin ya fi na firjin mai ƙanƙara, wai ita ba ta son zafi. Mai kula da ita wani tsoho ne ɗan Sudan, Ammu Bashir, wanda kakanninsa Hausawa ne da suka tsaya a hanyar Makka. Hausarsa irin ta mutanen da ce, gauraye da Larabci, yana kirana 'yata, kwamfutar kuma yana kiranta Hajiya. Ya yi kwana biyu yana duba faifan da fitila da auduga kafin ya yarda ya sa shi a bakin Hajiya, wani akwati mai kamar injin wanki.

Shi ya bayyana mini halinta, kuma tun daga nan na fara jin haushinta. Hajiya tana ajiye bayani ne a ƙananan tubala, amma ƙirgenta ba ya wuce dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da biyar. In ta kai nan yatsunta sun ƙare. Faifan Kaka kuwa ya ninka haka. Don haka dole a yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki kada ya wuce abin da za ta iya ƙirgawa, kuma ɗakunan ba za su wuce takwas ba, kowanne da harafinsa.

"In mutum yana son na tara fa?"

"Sai ya yi haƙuri, 'yata."

"Duka faifan nawa yake ɗauka?"

Ya faɗa mini. Na duba wayata, bidiyon da na ɗauka na kamun Anti Zainab, wanda rabinsa silin ne da ihun mata, ya fi shi. Saboda wannan na bar takalmina mai duwatsu a Kano.

Abin takaici na biyu, taswirar ɗakunan ba a jikin faifan take ba, a cikin kan injin take. Injin Kaka ya mutu da tasa. Sai da aka yi kwana uku Yaya yana kiran Kaka, Ammu Bashir yana gwadawa, ana neman inda kowane ɗaki ya fara. In an kuskure, allo ya cika da shirme kamar kaza ta taka tawada. Ni aikina riƙe waya da sayo karak. In sanyi ya kai mini ƙashi sai in hau sama in tsaya a rana kamar ƙadangare, in zafi ya kusa kashe ni in sauko. Na yarda, wasu bayanan Ammu Bashir an yi su ina sama. Wannan ba laifina ba ne, laifin na'urar sanyi ne.

Rana ta huɗu rubutu ya fito. Yaya ya karanta layin farko da ƙarfi, sunayen iri ne: kaura, farfara, zango. Sai ya juya baya yana gyara wayar da ba ta lalace ba. Tsarin Kaka shi ne: saboda ƙarancin wuri, a ɗakunan ƙarshe inda bayanin iri yake bai rubuta sunan ƙauye ba, lamba kawai ya sa. Jerin sunayen ƙauyukan da lambobinsu ya ajiye shi daban, a ɗakin farko.

Saura a kwafe. Hanyar kuwa wata siririyar waya ce daga Hajiya zuwa kwamfutar Yaya, tana ɗiga kamar famfon unguwarmu a watan bazara. Ammu Bashir ya ce a kwafe faifan duka, tubali bayan tubali, kada a rubuta komai a kansa, kwana biyar zai ci. Yaya ya ce kwana uku suka rage a zo ɗaukar Hajiya. Dabararsa ita ce a share wani ɗaki da babu komai a jikin faifan, a ɗaure bayanan a dunƙule a ciki, su fi saurin wucewa. Suka yi ta musu. Ammu Bashir ya ɗaga kafaɗa ya ce faifan kakanku ne.

Ranar da abin ya faru, an kira Yaya wajen takardun zaman jaririya, Ammu Bashir kuma ya tafi ganin likita saboda gwiwarsa. Aka bar ni in zuba wa fitilun Hajiya ido. Yaya ya rubuta mini umarnin shara a takarda, ya bar gurbin harafi ɗaya, ya ce sai ya sake tabbatarwa wurin Kaka wane ɗaki ne babu komai. Bayan azahar ya kira. Bayansa hayaniya ce kamar tashar mota.

"Na yi magana da Kaka. Rubuta abin da ke takardar, a gurbin ki sa..." sai na ji wani abu mai ƙarewa da "i".

"Bi? Si? Di? Yaya, ba na ji."

"Na huɗu. Harafi na huɗu. An kira lambata, yi sauri."

Ya kashe. Na sake kira, bai ɗauka ba.

Yanzu ina so kowace ɗayanku ta ajiye wayar nan ta ɗaga yatsunta. Da Hausa yayana ya yi mini magana. Da Hausa na ƙirga, yadda aka koya mini tun ina zama a kan tabarmar Kaka da allon kwali: a, ba, ɓa, ca. Na huɗu ca ne. Na ma sake ƙirgawa don in tabbatar, tun da ni mai lura ce. Na danna c, na danna babban maɓallin.

Hajiya ba ta tambaye ni ko na tabbata ba. Wayata, in zan goge hoton da babban yatsana ya rufe rabinsa, sai ta tambaye ni sau biyu, sannan ta ɓoye shi kwana talatin ko zan yi nadama. Wannan tsohuwar kuwa ta karɓi umarni kamar dama jira take. Akwatin ya fara kaɗawa yana gurnani. Na zauna na ɗora ƙafa kan ƙafa ina shan karak, ina jin kaina injiniya.

A haka Ammu Bashir ya shigo yana ɗingishi. Ya dubi allo. Ya cire gilashinsa ya goge ya mayar, ya sake duba. Gurnanin ya tsaya da kansa. Ya ja kujera ya zauna a hankali ya ce, "Khalas."

"An gama ko? Ni na yi."

"Na ga ke kika yi, 'yata."

Sannan ya faɗa mini abin da aka faɗa ina sama ina shan rana. Cikin haruffa takwas ɗin nan, c ba ɗaki ba ne. Katanga ce da ta zagaye ɗakunan farko duka, tun daga bakin faifan. Wanda ya share c ya share duk abin da ke cikin katangar.

Ku gaya mini, wane magini ne zai jera ɗakuna, ya ɗauki tsakar gida ya liƙa mata lamba a tsakiyarsu, sannan ya ba baƙo tsintsiya? Wannan tambayar na yi wa Ammu Bashir. Ya ce waɗanda suka tsara abin sun ɗauka duk mai taɓa injin ya san gidan. Na ce to sun ɗauka ba daidai ba. Ina cikin faɗar haka karak ya zube a siket ɗina.

Yaya ya iso da la'asar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Na ce di. Di na ce."

"Na huɗu ka ce."

"To na huɗun mene ne in ba di ba? Ke ba ki san abacada ba? A, ba, ca, da. A cikin sunan ma an faɗa miki."

"Sunan ne ya tsallake ɓa, ni ban tsallake ta ba. Da me kake rubuta ɓera? Da me kake rubuta ɓarna?"

"Ɓarna dai kam kin iya rubuta ta."

"Wa ya bar gurbi a takarda? Wa aka ce wa kada ya rubuta komai a kan faifai?"

Ammu Bashir ya ɗaga hannu. Ya ce a makarantar allo ta garinsu alif, ba, ta, sa suke ƙirgawa, da shi aka aika da wani harafin daban zai nema. Kowa da na huɗunsa. Ya kalli Yaya ya ce, "Yarinya ta yi kuskuren da ke gabanta. Kai ka ajiye mata shi." Na so in ji daɗin nasara, amma ba ta shiga ba. Na tafi banɗaki na daɗe. In wata ta ce kuka na yi, sanyin wurin ne yake sa ido ruwa.

Washegari Ammu Bashir ya buɗe ɗakunan ƙarshe, ni da Yaya muna tsaye a bayansa. Kaura, farfara, zango, suna nan. Tsintsiyar Hajiya ta share har inda ƙirgenta ya ƙare, ta tsaya cak, ba ta san akwai sauran faifai a gaba ba. Wato daƙiƙancinta ne ya cece mu, kuma ba zan gode mata ba, don da tana da hankali tun farko Kaka ba zai raba aikinsa gida biyu ba. Ammu Bashir ya je ya roƙi a ƙara kwana biyu kafin a ɗauke ta, aka ƙara. Ashe roƙo kawai abin yake buƙata. Na kalli Yaya, ya kalli silin.

Aka kwafe bayanin iri duka, ba layin da ya ɓata. Amma ɗakin farko ya tafi, da jerin ƙauyuka a cikinsa. Kowane layi yana farawa da lamba, ƙauye na bakwai, ƙauye na talatin, kuma babu wanda ya san ina ne bakwai, ina ne talatin. Kana da labarin geron da ke jure fari, ba ka san ƙofar da za ka buga ka nemi irinsa ba.

Yaya ya riƙe waya ya fi minti goma ya kasa kira. Na karɓa na kira da kaina. Na faɗa wa Kaka komai, ban rage ba, ban ƙara ba, wanda kun san ba halina ba ne.

"Uwargida, sake ƙirga mini in ji."

"A, ba, ɓa, ca."

"Wa ya koya miki?"

"Kai, Tsoho."

"To ba ki ba ni kunya ba." Ya yi tari. "Ki dawo da biro mai kyau. Akwai aiki."

Dawowa ba ta da labari. Faifan ya shiga ƙarƙashin jirgi tare da akwatuna, babu wanda ya tambayi lafiyarsa, na miƙe ƙafafuna har Kano.

Ga dalilin da ba ku ganina da yamma. Kullum bayan la'asar ina zaune a ƙofar ɗakin Kaka da takardun da Yaya ya buga. In karanta lamba da irin da ke ƙarƙashinta, shi ya rufe ido. Wani lokaci sunan yana faɗowa nan take. Wani lokaci sai mun bi ta labarin yadda babur ya mutu a rafi, da mai unguwar da ya ba shi zabo, da ciwon cikin da zabon ya jawo, kafin mu iso sunan, ni kuma ina rubuta duka don ya ce in rubuta. Ƙauyuka casa'in da huɗu ne. Mun samo sittin da ɗaya. Hutuna na Doha ya ƙare a ƙarƙashin ƙasa, ragowar tana ƙarewa a kan tabarma, kuma har yau babu wanda ya ba ni haƙuri a kan harafin nan.

Shekaranjiya muka zo na talatin da takwas. Akwai wani gero a wurin da ya fi duk na cikin takardun saurin nuna, manoman suna kiransa gagara-tsuntsu. Kaka ya tuna rijiyar garin, ya ce tana gindin kuka biyu da suka haɗe kamar ɗaya. Ya tuna matar da ta dama masa fura, har da tabon ƙuna a hannunta. Ya tuna an bi ta wajen Malumfashi aka yanki daji. Sunan ne ya ƙi zuwa. Ya zauna leɓensa yana motsi har aka kira magariba. Sannan ya ce in rufe takardu, yau idonsa yana ciwo, alhali ni ce ke karantawa.

Da yawanku kuna da kakanni a wancan yankin. Ku tambaye su garin da ke da rijiya a gindin kuka biyu, inda ake shuka gagara-tsuntsu, ko inda aka taɓa shuka shi. Wadda ta samo, kada ta turo mini saƙo. Ta zo da kanta bayan la'asar ta faɗa masa, ta gefen dama, kunnen da yake ji da shi ke nan.